Ƙarar kibod a ofis, da kawaicin da na yi wata bakwai ina yi

Mu biyar ne a ɗaki ɗaya a ofishinmu da ke cikin birnin Kano, kuma teburina yana manne da na wani dattijo wanda ya ba ni shekara ashirin ko fiye. Mutumin kirki ne, ba ya shiga sabgar kowa, amma da zarar ya gyara zama a gaban kwamfuta ya fara buga rubutu, sai ka rantse lugude ake yi a tsakar gida. Idan ya kai ƙarshen sakin layi ya sauke yatsa a kan madannin Enta, har ruwan shayin da ke kan teburina sai ya motsa.

Wata bakwai na yi ban ce masa komai ba, ina kiran abin da nake yi kawaici. Na sayi iyafis na toshe kunnuwa, sai ya zama ana yi mini sallama ban ji ba, oga ya kira ni sau uku ban amsa ba, har aka fara cewa na koyi girman kai. Abin da ya fi muni kuma, duk mutanen ɗakin sun san ƙorafina, saboda ina yi musu shi a hanyar masallaci da wurin cin abinci, shi kaɗai ne bai sani ba. A yau ina ganin wannan ya tashi daga kawaici ya koma gulma, domin mai kawaici na gaskiya yana haɗiye abu ne ya bar shi a cikinsa, ni kuwa na haɗiye a gabansa ina amayarwa a bayan idonsa.

Akwai wanda ya tambaye ni yadda mutumin da ke aiki da janareta yana ruri a bayan taga zai ce kibod ya dame shi. Amsar ita ce ƙarar janareta da ta fanka a tafe suke bai ɗaya, ƙwaƙwalwa takan saba da su ta ajiye su gefe. Bugun kibod kuwa yana zuwa ya tsaya, ya dawo da sauri, ya sake tsayawa, saboda haka hankali yana ta jiran bugu na gaba, kuma mai haɗa lissafi ko tsara wasiƙa shi ya fi kowa jin jiki.

Ranar da na daina jin haushi na tsaya na kalli hannuwansa, a ranar na gane tushen abin. Da yatsu yake sara daga sama, wuyan hannunsa a ɗage, kamar yadda ake koya wa masu tafireta. Ashe da tafiretar hannu ya fara aiki, irin wadda sai an buga da ƙarfi kafin harafi ya daki ribin ya fito a takarda, balle idan an jera takardu uku ko huɗu da kabon a tsakaninsu ana son kwafin ƙarshe ya karantu. Hannun da ya shekara da shekaru a haka ba zai san cewa madannin kwamfuta taɓawa kawai yake so ba. Ga shi kuma teburin na falanki ne marar kauri, aljihunsa babu komai a ciki, an ɗaga ƙananan ƙafafun nan biyu na bayan kibod ɗin, sai teburin ya zama ganga, kowane bugu ya ninka.

Wannan uzuri bai shafi samarin da suke zuwa titin Beirut, inda ake sayar da kayan kwamfuta a Kano, su sayo kibod mai fitilu kala-kala su kawo ofis ba. Irin wannan kibod kowane madanni da nasa makunnin da sifirin a ƙarƙashi, kuma nau'in da ake kira shuɗi, wanda kamfanin Cherry na Jamus ya yi suna da shi, da gangan aka ƙera shi ya riƙa yin ƙas-ƙas. Masu sha'awarsa har yau suna yabon kibod ɗin Model M da kamfanin kwamfuta na IBM ya fitar a 1985 saboda amonsa. Ba na musun daɗinsa a hannu, amma wanda ya zaɓi ƙara da kuɗinsa ya ajiye ta a ɗakinsa, ko ya nemi nau'in da ba ya ƙara, tunda akwai shi.

Wasu sun ba ni shawarar in kai maganar wurin oga. Ban yarda ba, kuma har yanzu ban ga hikimar hakan ba, domin a kira dattijo a ce yaron da ke kusa da shi ya kai ƙararsa a kan bugun kibod, tozarci ne da zai daɗe bai manta ba, alhali ni da shi za mu ci gaba da zama kafaɗa da kafaɗa.

Bayan sallar azahar na jira har muka rage mu biyu a hanyar dawowa, na ce, "Baba, ina da wata magana, amma ina jin nauyinka." Ya ce, "Faɗi mana, ɗana." Na ɗora laifin a kan tebur, na ce yana amsa bugun sosai har lissafi yana kuɓuce mini, ko zai yarda in shimfiɗa wani abu a ƙarƙashin kibod ɗinsa. Ya yi dariya, sannan ya dube ni ya ce, "Tun yaushe?" Da na gaya masa, sai dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Wata bakwai, kuma kullum muna gaisawa?" Ban sami abin cewa ba.

Washegari na zo da ƙaramin tawul, muka ninka shi biyu muka sa a ƙasa, muka kwantar da ƙafafun kibod ɗin, ya kuma cika aljihun teburin da tsofaffin fayil-fayil. Ƙarar ta ragu sosai, ko da yake ba ta tafi gaba ɗaya ba. A ƙarshen wata, idan aiki ya taru, hannunsa yakan koma wa tafireta, sai in ƙwanƙwasa gefen teburin sau biyu da biro, shi kuma ya ɗaga hannu ba tare da ya waiwayo ba, ya sassauta.