Farashin kankaren da ba ya kwana

Wallahi abin da aka yi min ranar Litinin a ofishin masu kawo kwaɓaɓɓen kankare a mota har yanzu yana ci min rai. Shekara da shekaru ina ɗora bulo kan bulo a filina na Tumfure, nan Gombe, da albashi da kuɗin adashi, sai bana Allah ya kawo ni zuba dekin. Injiniya ya auna: tsawo mita 12, faɗi mita 10, kauri inci 6, kubik mita 18 ke nan. Ya ce in nemi 20 saboda bim, wato ginshiƙan kwance da ke riƙe dekin, da abin da zai zube. Na kira masu kankaren a waya, suka faɗi kuɗin kubik ɗaya, na ninka, na haɗa kuɗina. Kafinta ya kafa katako, mai rodi ya gama ɗauri.

Na shiga da sallama. Yaron da ke kan tebur, wanda a haife na haife shi, ko ɗago kai daga wayarsa bai yi ba. Na ce, "Ɗana, kuɗin kankaren nan na zo biya." Ya jawo takarda ya hau rubutu. Kuɗin kubik ya tashi. A ƙasansa kuɗin famfon da zai tura kankaren sama. A ƙasansa kuɗin gas, wai Tumfure bayan gari ne. Sannan kuɗin jira, idan motarsu ta daɗe a wurin aiki.

Na ce, "Me ya hana ku faɗa min duk wannan a waya?"

Ya ce, "Ai ba ka tambaya ba, Baba."

Na danne zuciyata. Na ce to ya sa hannu a takardar, in je in nemo ciko. Sai ya yi dariya, a gaban mutane, ya ce, "Farashin yau na yau ne. In ya fi ƙarfinka, ka nemi leburori da shebur da kwano."

Ni zai gaya wa leburori? Da guminsu aka gina rabin Gombe. Abin da ya kai ni wurin masu motar kankare shi ne ina son a zuba dekin a tashi ɗaya, da kwaɓi na gaskiya, siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, ba wanda za a rage buhu a bayan idona, damina ta zo ruwa yana ɗiga a kan 'ya'yana ba. Neman inganci ne ya zama abin wulaƙanci?

Amma yaron nan ya samu wuri ne saboda babu mai tsawata wa kowa. A Ashaka, nan cikin Funakaye, ake yin siminti tun 1979. Da dutsen ƙasarmu ake yin sa, tireloli suna wucewa da shi ta gabanmu, mu kuma muna sayensa kamar daga ƙetare aka kawo. An cire tallafin mai a watan Mayun 2023, komai ya haukace. A Fabrairun 2024 buhu ya haura naira dubu 10, gwamnatin tarayya ta zauna da masu kamfanonin siminti, aka fito aka ce buhu zai tsaya tsakanin dubu 7 zuwa dubu 8. Wa ya bi dilolin Gombe ya duba? Wace hukuma ce ta taɓa tilasta wa mai sayar da kankare ya ba mutum cikakken lissafi a rubuce kafin ya kafa katako? Kuɗin takardar izinin gini kuwa, wannan ba sa mantawa da karɓarsa, har gida za su biyo ka da jan fenti.