Kunamar ruwa da madobiya: wanne aka fi mantawa da shi?

A kogin Binuwai da na Neja akwai wani kifi mai faɗi kamar faifai, mai doguwar wutsiya da ƙaya mai dafi, wanda masunta ke kira kunamar ruwa. Jikinsa guringuntsi ne, ba shi da ƙashi irin na tarwaɗa, kuma danginsa mafi yawa a teku suke zaune. Sai a 1962 masana suka bayyana shi a rubuce daga wajen Garwa ta ƙasar Kamaru. Da farko sun haɗa shi da masu kama da shi na kogunan Kudancin Amurka, daga baya suka sauya masa dangi, sannan a 2016 aka ba shi sunan da yake da shi yanzu, Fontitrygon garouaensis. Wannan kai-kawo ya nuna mini ƙarancin binciken da aka yi a kansa.

Madobiya kuwa matsayinta a fili yake: bishiya ce dangin wake da gyaɗa, kuma makiyaya sun san amfanin ganyenta ga shanu da rani. Da kasuwar katako ta China ta buɗe mata baki, sai aka far wa dazuzzukan Taraba da injinan yanka, ana loda gumagumai a manyan motoci zuwa Legas. Duniya ta farga, aka sanya ta ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, daga 2017, aka kuma dakatar da fitar da ita daga Nijeriya a 2018.

Abin da ke damuna shi ne, a jerin halittun da ke cikin haɗari na ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, kunamar ruwa ta fi madobiya kusa da ƙarewa, amma ita ce ba a maganarta. Madobiya tana da farashi, tana ƙetare iyaka, don haka jami'an kwastan da masu yin doka suka san da ita, ko da yake har yanzu ana sararta a ɓoye. Kunamar ruwa kuwa a cikin raga take mutuwa tare da sauran kifaye, ga haihuwarta kaɗan ce domin ba ƙwai take zubarwa ba, ga kuma madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru da ta sauya yadda ruwan Binuwai ke gudana tun 1982.

Ina ganin ya dace jami'o'in Yola da Makurɗi su zauna da sarakunan ruwa da masunta, su tattara bayanin inda ake ganinta a yau, a kuma roƙi masunta su riƙa mayar da ita ruwa idan ta faɗa raga da ranta.