Golf ɗin da ba ta ɗaukar buhun gero

Duk wanda ya taso yana shiga motar haya tsakanin Kano da Katsina ya san Golf: mutum huɗu a baya, biyu a gaba, buhun gero a but, murfin but ɗin a ɗaure da igiya. Shi ya sa da abokina, wani ɗan Zangon Kumasi da muke aiki tare a birnin Kolon na Jamus, ya ce ya sayi Golf GTI kuma ranar Lahadi za mu kai ta filin tseren motoci na Nürburgring, ban ga abin rawar kai ba. Na ce masa, "Kai dai miƙo makulli. Ni da na yi tuƙi a hanyar Zariya da daddare, cikin damina?"

Ya ce, "To, Malam, Allah ya kai mu."

Filin yana cikin duwatsun Eifel. An buɗe shi a 1927, tsohon zagayen da suke kira Nordschleife ya kai kilomita 20.8, da kwanar hanya guda 73, ga hawa da gangara na kusan mita 300. A nan wuta ta kama motar direban tsere Niki Lauda a 1976, ya sha da ƙyar. Abokina bai gaya mini wannan ba sai da muka biya kuɗin tikiti. A ranakun da ake buɗe wa jama'a, dokar titi ce ke aiki: kowa da motarsa, ta hagu kawai ake wuce mutum, in kuma ka daki ƙarfen gefen hanya, daga aljihunka za a gyara shi.

Da na zauna a kujerar na gane suna kawai suka haɗa da tamu ta tasha. Wannan Golf 7 ce, injin lita 2 mai turbo, ƙarfin doki 230, tayoyin gaba ke janta. Kujerar ta riƙe ni ta haƙarƙari. Sitiyarin ba ya da wasa ko kaɗan, ni kuwa na saba da wanda sai ka murɗa rabi kafin taya ta sami labari. Aka ɗaga sanda, na ba ta wuta, ƙeyata ta manne da kujera, hulata ta koma kujerar baya, can ta ƙarasa zagayen.

A kwanar farko da ba na ganin gabanta na danna ham.

"Wa kake yi wa ham?"

Na ce ko da mai tahowa. Ya ce tun kafin a haife ni ba a taɓa samun mai tahowa a nan ba, in duba madubi. Na duba, ai kuwa Porsche ce ta cika shi. Na sa sigina na raɓe dama. Ta wuce, BMW ta wuce, babura suka wuce a kwance. Wannan duk ban ji haushi ba. Wadda ta tsaya mini a rai wata doguwar motar iyali ce, da kujerar jariri a baya, wata dattijuwa mai furfura tana tuƙi da tabarau a kan hanci. Ta ɗaga mini hannu ma, wai godiya.

Nan zuciya ta ɗebe ni. Muka bi gangaren da ake kira Fuchsröhre, inda cikin mutum ke sauka ya bar shi, muka haura, sai ga Adenauer Forst: hagu mai tsanani da ba ka ganinta sai ka iso. Na murɗa sitiyari, mota ta ci gaba da tafiya miƙe, tayoyin gaba suna kuka. Na ƙara murɗawa, ta ƙara miƙewa. Abokina yana ihu, "Saki totur! Saki totur!" Haka mai jan gaba take: tayoyin da ke juya ta su ne ke janta, in ka shigo da gudun da ya wuce kima ka ɗora musu aiki biyu, sai su ajiye ɗaya. Ina ɗaga ƙafa hancinta ya dawo layi, na'urar da ke hana santsi ta ɗan taɓa birki da kanta, fitila ta yi ƙifta-ƙifta. Taya biyu dai sun ɗanɗani ciyawar Jamus. Daga ni har mai motar muna salati, ita ko a jikinta.

A Karussell, kwanar nan mai kwari da aka shimfiɗa da kankare, na faɗa ciki, komai ya hau karkarwa, har shinkafar da na ci da rana ta yi shirin dawowa. Amma a nan na ji abin da ake biyan kuɗi dominsa: motar ta kwanta a kwarin, ta zagaya kamar jirgin ƙasa a kan dogo, ta fito da ni lafiya lau. Da muka iso kwanar Brünnchen na ga jama'a a tsaye bayan shingen waya, kowa da kyamara. Na gyara zama. Abokina ya ce kada in wahalar da kaina, masu faɗuwa suke jira su sa a YouTube.

Muka fito wurin ajiye motoci, birki yana ƙauri, ƙafata ta dama tana rawa ita kaɗai. Na kai hannu zan ja birkin hannu ya buge hannun, wai da zafinsa zai iya mannewa. Sannan ya ciro hulata ya miƙo mini, yana ba ni labarin wata Golf mai suna GTI Clubsport S, wadda kamfanin ya cire mata kujerar baya, ta zagaye wurin nan cikin minti 7 da daƙiƙa 49 a 2016.

Na ce, "Ni fa, nawa na yi?"

Ya ce, "Malam, ranar jama'a an hana auna lokaci. Ka gode wa Allah, doka ta rufa maka asiri."