Kwamfutar da ta koyi burga

Da an ce jami'a na binciken ƙirƙirarriyar basira a kan kartar poker, sai ka ji ana cewa malaman sun rasa abin yi ne. Ni ban yarda ba. Ba cacar ce ta dame su ba, so suke na'ura ta iya yanke shawara alhali an ɓoye mata rabin labari.

A 1997 kwamfutar Deep Blue ta doke zakaran duniya Garry Kasparov a wasan dara na chess, amma a can komai a fili yake, kowa na kallon allo ɗaya. A poker kuwa ba ka san abin da abokin karawarka ya riƙe ba. Yana iya tura kuɗi himili guda da katin banza a hannu, don dai ka tsorata ka ajiye naka.

Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka ta gwada wata manhajar poker mai suna Claudico a 2015, 'yan wasa suka ci ta. A Janairun 2017 malamin jami'ar, Tuomas Sandholm, da ɗalibinsa Noam Brown suka dawo da sabuwar manhaja, Libratus. Kwana 20 a birnin Pittsburgh, rabon kati 120,000, gwanaye huɗu. Kullum da dare sai gwanayen su haɗa kai suna neman lagonta, ita kuma a daren take bin ɓarakar da suka gano tana toshewa. Gari na wayewa dabarar jiya ta mutu. Aka tashi ta ba su tazarar sama da dala miliyan 1.7, a lissafin wasa dai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, babu wanda ya koya mata burga. Da kanta ta yi ta karawa, tana auna nadamar kowane zaɓin da ta bari, har lissafi ya nuna mata cewa wanda ba ya zuba kuɗi sai da kati mai kyau, nan da nan ake gane shi.

A 2019 wata manhajar su Sandholm, Pluribus, wadda suka yi da Facebook, ta yi galaba a teburin mutum shida bayan horon kwana takwas kacal. Masu ita suka ƙi sakin manhajar, gudun kada ta kashe kasuwar poker ta intanet. To amma kamfanin Sandholm, Strategy Robot, ya karɓi kwangilar sojojin Amurka a kan irin wannan fasaha. 'Yan karta an tausaya musu. Wanda za a gwada dabarar a kansa a fagen yaƙi fa, wa ya tambaye shi?