Wa ke kashe harsunan Indiya, Turanci ko masu mulki?

A watan Yunin 2025 ministan harkokin cikin gida na Indiya, Amit Shah, ya faɗa a wani taro a Delhi cewa lokaci na nan tafe da masu magana da Turanci a ƙasar za su riƙa jin kunya. Magoya bayansa suka yaba, 'yan adawa kuwa suka yi masa ca. Damuwar da ke ƙarƙashin maganar gaskiya ce, domin harsunan Indiya suna cikin wani hali. Sai dai a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Mutumin da ya koyi Turanci don ya ci abinci bai aikata abin kunya ba. Wanda ya kamata a tuhuma shi ne hukumar da ta shekara fiye da saba'in tana kirarin harsunan gida a bakin taro, alhali kotu da jami'a da aiki mai tsoka duk ta bar su a hannun harshe guda.

A ƙidayar jama'a ta 1961, Indiya ta lissafa harsunan uwa 1,652. Da aka zo ƙidayar 1971 sai gwamnati ta daina bayyana sunan duk harshen da masu shi ba su kai mutum 10,000 ba, jerin ya dawo 108. Harsunan ba su mutu cikin shekara goma ba, shafe su aka yi daga takarda. Kuma a tsarin gwamnati, harshen da ba ya cikin takarda ba shi da malami, ba shi da littafin firamare, ba shi da ko minti biyar a gidan rediyo. Daga 2010 Farfesa Ganesh Devy ya jagoranci dubban masu sa-kai suka bi ƙasar lungu-lungu, suka sami harsuna 780 da ake magana da su, kuma ya ƙiyasta cewa kimanin 220 sun ɓace cikin shekara hamsin. Hukumar UNESCO ta sa harsunan Indiya 197 cikin waɗanda ke fuskantar barazana ko suka riga suka tafi.

Ranar 26 ga Janairun 2010 wata tsohuwa mai suna Boa Sr ta rasu a tsibiran Andaman tana da kimanin shekara 85. Ita ce ta ƙarshe da ta iya harshen Bo. Ta yi shekaru masu yawa ba ta da wanda za ta yi wa magana da harshen da aka yi mata reno da shi, sai masaniyar harshe Anvita Abbi da ta riƙa zuwa tana naɗar waƙoƙinta da labaranta, har da labarin yadda ta tsira daga ambaliyar teku ta 2004. Lokacin da Turawan Ingila suka kafa gidan yari a tsibiran a 1858, jama'arta sun kai dubbai. Cututtukan da baƙi suka kawo da ƙwace ƙasa suka cinye su, har aka tattara 'yan gomomin da suka rage a wani ƙaramin tsibiri. Abin lura a nan shi ne harshen da Boa Sr take yin hulɗar yau da kullum da shi a ƙarshen rayuwarta Hindi ne irin na Andaman. Jikokin jama'arta ma shi suke yi.

Wannan shi ne ɓangaren da 'yan siyasar Delhi ba sa son a taɓo. Ƙananan harsunan Indiya, akasarinsu, manyan harsunan Indiya ne ke haɗiye su. Tun 1956 aka yanka jihohi bisa manyan harsuna, kowace jiha ta ɗauki nata ta sa a makaranta. Mutanen Gond, waɗanda masu harshensu suka kusa miliyan uku, sun warwatsu a jihohi da dama: yaronsu a nan ana koya masa da Telugu, can da Marathi, can kuma da Hindi. Harshen Bhili yana da masu shi fiye da miliyan goma, amma ba ya cikin harsuna 22 da tsarin mulki ya amince da su. Ƙidayar 2011 ta ce kashi 43.6 cikin ɗari na 'yan ƙasar Hindi ne harshensu, harshen nan da muka saba ji a finafinai, amma a cikin wannan adadi an cusa Bhojpuri mai mutum wajen miliyan 50, da Rajasthani, da Magahi, da Chhattisgarhi, kowanne da waƙoƙinsa da adabinsa. Ƙara da madatsun ruwa da ma'adinai da suka tashi ƙauyukan mutanen daji, da cirani zuwa Mumbai da Surat. Idan aka watse gari, babu dandalin da yara za su ji harshen a bakin juna, iyaye kaɗai kuwa ba sa iya riƙe shi.

To ina laifin Turanci? Yana nan, kuma babba ne, amma irinsa daban. A 2011 waɗanda suka ce Turanci ne harshensu na uwa ba su wuce 260,000 ba, waɗanda suka iya shi gaba ɗaya kuma kimanin miliyan 129 ne, wato mutum ɗaya cikin goma. Bengali yana da mutum miliyan 97, Marathi 83, Telugu 81, Tamil 69. Waɗannan ba harsunan da za su ƙare gobe ba ne, jaridun Hindi ma sun fi na Turanci masu karatu nesa ba kusa ba. Abin da Turanci ya yi musu shi ne ya raba su da manyan ayyuka. Sashe na 348 na tsarin mulki ya ce da Turanci za a yi shari'a a Kotun Ƙoli da manyan kotunan jihohi, ko da yake an yi wa wasu jihohin sassauci. Manomi daga jihar Odisha zai zauna ana yanke hukunci kan gonarsa da harshen da ba ya ji. Karatun likita da na injiniya a manyan makarantu akasari da Turanci ake yi. Harshen da aka hana shi shiga kotu da asibiti da ɗakin bincike a hankali yake daina ƙirƙiro kalmomin waɗannan wurare, daga nan kuma sai a juyo a ce ai ba shi da kalmomin.

Tushen abin tsoho ne. A 1835 wani jami'in Ingila, Thomas Macaulay, ya rubuta wa gwamnatin mulkin mallaka shawararsa cewa a kashe kuɗin ilimi wajen samar da wani rukuni na mutane, Indiyawa a jini da launin fata, amma Turawa a tunani da ɗabi'a. Bayan samun 'yanci an shirya a sallami Turanci a 1965 a bar wa Hindi fili. Kudancin ƙasar ya ce bai yarda ba, aka yi tarzoma a jihar Madras ta mutanen Tamil (Tamil Nadu ta yau), aka rasa rayuka, har dokar 1967 ta tabbatar Turanci zai ci gaba da zama. Mutanen Tamil sun gwammace baƙon harshe da kowa zai sha wuyar koyonsa a kan harshen arewa da zai ba wasu fifiko tun daga haihuwa, kuma har yau jiharsu ba ta sauka daga wannan matsayi ba. Sai kuma 1991, da Indiya ta buɗe kasuwarta ga duniya, kamfanonin kwamfuta suka cika Bangalore da Hyderabad, matasa suka riƙa kwana suna amsa wayar abokan ciniki daga Amurka. Wani bincike da aka yi da alƙaluman 2005 ya gano cewa namijin da ya ƙware a Turanci yana samun ladan aiki da ya fi na takwaransa da kashi 34 cikin ɗari.

Uban da ke tuƙa keke mai ɗaukar fasinja a Patna bai karanta wannan bincike ba, amma idonsa yana nuna masa. Shi ya sa yake matse cikinsa ya biya kuɗin ƙaramar makarantar kuɗi da aka rubuta a allonta cewa da Turanci ake koyarwa. A cikin ajin, malamar da ita kanta Turancin bai zauna mata ba tana karanta darasin kimiyya daga littafi, ta yi bayani da Hindi, yaran da Bhojpuri ko Magahi suke yi a gida su maimaita da ƙarfi, su haddace amsa. Yaro zai iya rera jimlar da ke bayanin yadda ganye ke sarrafa hasken rana, amma ka tambaye shi me ya sa shukar da ke inuwa take yin rawaya, sai ya yi shiru. Wannan ita ce asarar da ta fi ci mini rai, domin an raba yaron da harshen da yake tunani da shi, kuma ba a ba shi wanda aka yi masa alkawari ba.

Duk da haka ba zan ɗora wa uban nan laifi ba. A 2019, da gwamnatin Andhra Pradesh ta yanke shawarar mayar da makarantunta na Turanci, aka yi ta suka da sunan kare Telugu. Babban ministan jihar na lokacin, Jagan Mohan Reddy, ya tambayi manyan masu sukar wace makaranta 'ya'yansu da jikokinsu suka yi. Ban goyi bayan matakinsa ba, amma tambayar tana da nauyi. A 2010 marubuci Chandra Bhan Prasad, ɗan al'ummar Dalit da aka daɗe ana ƙasƙantarwa, ya jagoranci aza harsashin wurin bauta ga Turanci a ƙauyen Banka da ke Uttar Pradesh: gunkin mace da hula, alƙalami a hannu ɗaya, tsarin mulki a ɗayan, tana tsaye a kan kwamfuta. Mutanen da aka hana kakanninsu karatun Sanskrit, tsohon harshen littattafan addinin Hindu, na ɗaruruwan shekaru suna kallon Turanci a matsayin ƙofar da babu mai tsaronta da zai tambaye su asali. Duk mai son ya kare harsunan Indiya dole ya fara ba waɗannan mutane amsa, kuma kunyata su ba amsa ba ce.

Hanyar gyara sananniya ce, aiwatarwa ce ke da tsada. Manufar ilimi ta 2020 ta ce a koyar da yaro da harshen gida har aji biyar a duk inda zai yiwu, a ci gaba da koya masa Turanci a matsayin darasi. Jihar Odisha ta yi shekaru tana koyar da 'yan firamare da harsunan ƙabilun daji kimanin ashirin, da malamai daga cikin al'ummar. Harshen Santali, da aka shigar cikin tsarin mulki a 2003, yanzu ana karanta shi a jami'a ana kuma rubuta jarrabawar aikin gwamnati da shi. Ana rubuta jarrabawar shiga makarantar likita da harsuna 13. Amma me amfanin yarinya ta ci jarrabawa da Tamil idan ranar farko a aji za a rufe ta da Turancin da ba a taɓa koya mata da kyau ba? Ana buƙatar malamai, da littattafai, da alƙalan da za su yi shari'a da harshen masu ƙara, da guraben aiki da ake samu saboda iya harsuna irin su Gondi ko Tulu. A ba kowane yaro Turanci mai kyau kyauta a makarantar gwamnati, yadda uba ba zai sayar da harshen gidansa don ya saya ba.

Mu Hausawa ya kamata mu karanta wannan labari da idanu biyu. A gaban Turanci da Faransanci muna matsayin Tamil ko Marathi, ga yawan jama'a amma manyan kotuna da jami'a ba namu ba. A gaban ƙananan harsunan Bauchi da Filato kuwa mu ne Hindi. Harshen Ajawa da na Kubi a ƙasar Bauchi sun ƙare ne saboda masu su sun koma Hausa.

Indiya ta tsayar da 2027 don sabuwar ƙidayar jama'a, ta farko tun 2011. Idan gwamnatin da Amit Shah yake ciki da gaske take, ma'aikatarsa ce ke kula da ƙidayar. Ya soke ƙa'idar mutum 10,000, a buga sunan kowane harshe da adadin masu shi, a kuma fitar da Bhojpuri da 'yan'uwansa daga ƙarƙashin Hindi a ƙidaya su da sunansu.