WDIA ta Memphis: gidan rediyon da cigiya ta riƙe

Yawancin masu ba da tarihin gidan rediyon WDIA da fitaccen mawaƙin nan B.B. King suke farawa, da shi kuma suke rufewa. Ina ganin ba a yi wa tashar adalci ba. Mawaƙa sun ɗaga sunanta, babu musu, amma abin da ya dasa ta a zukatan baƙaƙen fatan kudancin Amurka ya fi kiɗa sauƙin bayani. Ta ɗauki ƙananan buƙatunsu da muhimmanci a lokacin da babu wata kafa da ta damu da su.

An buɗe tashar ranar 7 ga Yuni 1947 a Memphis, jihar Tennessee. Masu ita Turawa biyu ne, John Pepper da Bert Ferguson. Ƙarfin na'urar watsa shirinta wat 250 ne kacal, a kan mita 730 a zangon AM, kuma lasisinta na rana ne. Da magariba ta yi, dole a kashe. Dalilin ba ya rasa nasaba da yadda AM take: da rana sautin yana bin ƙasa ne, iyakar tafiyarsa gwargwadon ƙarfinsa, amma da dare sai ya haura sama, ya bugi wani sashe na sararin samaniya ya dawo ƙasa can da nisa, ya shiga wa manyan tashoshin da ke kan wannan mitar. Saboda haka ƙananan tashoshi ake tilasta wa yin shiru.

Da kiɗan Turawan karkara da makamantansa suka fara, irin wanda sauran gidajen rediyon garin suke sakawa. Ƙaramar tasha ta shiga kasuwar manya da hajar da kowa ke da ita, ai sakamakon a bayyane yake. Kafin shekara ta zagayo sun kama hanyar karyewa.

Asarar nan ce ta buɗe musu ido. Kusan kashi 40 cikin ɗari na mutanen Memphis baƙaƙe ne, suna da rediyo a ɗakunansu, suna sayen gari da sabulu da magani, amma babu tashar da ke magana da su. Ranar 25 ga Oktoba 1948 aka zaunar da Nat D. Williams gaban makirufo a shirin Tan Town Jamboree. A duba wanda aka zaɓa. Malamin tarihi ne a makarantar sakandare ta Booker T. Washington, yana rubutu a jarida, shi ne kuma mai gabatar da gasar sababbin mawaƙa a gidan wasa na Palace da ke titin Beale. Ɗalibansa sun san shi, iyayensu sun san shi, 'yan kiɗa sun san shi. Da aka ba shi alamar ya fara magana a ranar farko, sai maganar ta maƙale, ya fashe da dariya. Wannan dariyar ce ta zama tambarinsa har ya bar aiki a 1972. An yi ta bugo waya ana ƙorafi daga ɓangaren Turawa, amma masu sauraro suka yi ta ƙaruwa, kuma a cikin 1949 aka mayar da shirye-shiryen tashar gaba ɗaya na baƙaƙe. Ita ce ta farko a Amurka da ta yi haka.

A nan B.B. King ya shigo, da ɗan gajeren shiri na tallar wani maganin ƙarin kuzari mai suna Pepticon. Mawaƙi Rufus Thomas ya biyo baya. Willa Monroe tana shirin matan gida, Martha Jean tana jan zarenta, Theo Wade yana waƙoƙin coci da asuba.

Yanzu ga inda nake so a tsaya. A tsakanin faya-fayan nan ana karanta sanarwa kyauta. Yaro ya ɓata, ga kamanninsa. Alfadarin wani manomi ya tsinke. An tsinci jaka a motar haya. Ana neman ma'aikata a wuri kaza, coci kaza tana taro ranar Lahadi, wata tana cigiyar ɗan'uwanta da ya tafi neman aiki aka daina jin ɗuriyarsa. Mu da muka saba jin cigiya da sanarwar rasuwa a rediyo za mu iya ganin abin kamar ba komai ba ne. To a tuna, wannan zamani ne da doka ta raba makaranta, ta raba kujerar bas, ta raba famfon shan ruwa. Talakan da ba shi da inda zai kai kukansa ya samu wurin da za a karanta sunansa da babbar murya, gari guda ya taya shi nema.

Ba su tsaya a magana ba. Daga 1949 suka fara shirya babban wasa na shekara, Goodwill Revue, kuɗin ƙofa ya shiga asusun taimako. Da kuɗin aka samar da motocin kai yara baƙaƙe masu naƙasa makaranta, aka ɗauki nauyin ƙungiyoyin ƙwallon gora na yara, aka tallafa wa gidan renon yara marasa galihu. Shahararren mawaƙi Bature Elvis Presley ma ya leƙa wasan a Disamba 1956.

A 1954 aka ba tashar izinin komawa mita 1070 da wat 50,000, tare da damar yin aiki dare da rana. Da dare takan rage zuwa wat 5,000, a karkata sautin da jerin turakun eriya don kada ya shiga wa tashar KNX ta Los Angeles. Daga nan muryarta ta ratsa gonakin audugar Mississippi har gaɓar teku, masu ita suna tinƙaho cewa suna isa ga kashi 10 cikin ɗari na baƙaƙen Amurka. Manyan kamfanonin da suka yi ta ɗari-ɗari da ba ta talla sai ga su a layi.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a tarihin nan. A shekarun farko, baƙi yana magana a makirufo, amma Bature ne ke zaune a teburin sarrafa sauti, shi ke ɗora faifai, shi ke buɗe murya ya rufe. Ofis na Turawa ne, riba ta Turawa ce. Da aka sayar da tashar a 1957, wani Baturen, Egmont Sonderling, ya saya. Shi ya sa WDIA ta yi ta taka-tsantsan da maganar wariya, duk da cewa Williams yana da shirin tattaunawa, Brown America Speaks, inda ake taɓo ta. A gwada da WERD ta Atlanta, wadda Jesse B. Blayton, akanta kuma malamin jami'a, ya saya a 1949, tashar farko mallakar baƙar fata. Wat 1,000 ce kawai, amma daga baya gini ɗaya take da ofishin ƙungiyar Martin Luther King, kuma sanarwarsa ba ta jiran amincewar kowa.

Sai a 1972 WDIA ta samu babban manaja baƙi, Chuck Scruggs. Bambancin bai ɓuya ba. Otal ɗin Lorraine da ke Memphis, inda aka harbe Martin Luther King ranar 4 ga Afrilu 1968, ya lalace har ana shirin yin gwanjonsa. Scruggs na cikin waɗanda suka tashi tsaye, tashar ta yi ta kiran masu sauraro su kawo abin da ya sawwaƙa. A Disamba 1982 aka saye ginin a kan dala 144,000, a 1991 aka buɗe shi a matsayin gidan tarihin gwagwarmayar 'yancin baƙaƙe.