Ba gidan kallo ne ya kwashe 'yan kallon lig ɗin Najeriya ba

Duk sanda aka nuna hoton wani filin wasa na gasar NPFL, wato babban lig ɗin ƙwallon ƙafa na Najeriya, kujeru wayam, sai ka ji an ce ai Firimiyar Ingila ce ta gama da mu, wai matasa sun tare a gidan kallo suna musu kan Arsenal da Man U sun manta da na gida. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, tunda yawancin wasanninmu ƙarfe 4 na yammacin Lahadi ake take su, daidai lokacin da manyan wasannin Ingila ke shirin farawa. Amma ni dai bayanin bai gamsar da ni ba, kuma hujjata Kano ce.

Ba na jin akwai garin da ya fi Kano gidajen kallo a arewa, kusan kowane lungu da allo a bakin ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli, janareta na ta ruri a baya. Duk da haka in Kano Pillars na da wasa a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, tun bayan azahar titi ya fara cushewa, masu adaidaita sahu na ta hon, masu rake da fiya wata sun kafa, yara na leƙen ta inda za su kutsa, filin da aka ce yana ɗaukar mutum kusan 16,000 sai ka ga har kan matakala an zauna ana ta kirarin ƙungiyar, “Sai Masu Gida”. Kuma waɗannan mutanen su ne dai 'yan Chelsea da Barcelona ɗin, jiya da daddare suna kan benci a gidan kallo. Zuciya ɗaya tana ɗaukar ƙungiya biyu ba tare da wata matsala ba.

Abin da Kano ke da shi shi ne mutane na jin ƙungiyar tasu ce. Sun ga ta ci lig a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, sun ga ta fitar da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka a 2009, sun girma da ɗan wasanta Rabi'u Ali Pele, da Ahmed Musa ya dawo a 2024 kuwa har a garuruwan wasu an yi ta fitowa ganinsa. Je ka Uyo, fili na gani na faɗa mai cin mutum 30,000, Akwa United har lig ta ci a 2021, amma a wasan mako-mako kujerun banza sun fi mutane yawa.

To ina gizo ke saƙar? Yawancin ƙungiyoyi 20 na lig ɗin nan na gwamnatocin jihohi ne. Albashi daga gidan gwamnati, kuɗin mota da otal daga gidan gwamnati, shugaban kulob ɗin ma gwamna ne ya naɗa shi, shi zai cire shi. Mutumin da abincinsa ke hannun gwamna, me ya dame shi da ko mutum 500 ne suka zo ko 15,000? Shi ya sa za ka shiga fili ka nemi banɗaki mai ruwa ka rasa, ƙofa ɗaya ko biyu aka buɗe wa dubban mutane ana ta turereniya ana yanke aljihu, tikitin ma wani lokaci ba a yaga shi, a karɓe a hannunka a sake sayar wa na bayanka. In wasa ya yi zafi kuma sai a ji sanarwa wai mai girma gwamna ya sayi ƙofa kowa ya shiga kyauta, a yi ta tafi, alhali an koya wa mutane ne cewa wanda ya biya kuɗi makon jiya shi ne wawa.

Babban abin haushin ma, ba a ƙirgawa. A Ingila ko ƙaramin kulob na rukuni na huɗu ana tashi wasa za a faɗa maka mutum nawa suka shigo. Mu nan da wuya ka ga wannan adadi, sai dai ɗan jarida ya ce fili ya cika maƙil ko ya ce ba laifi. Duk masu cewa 'yan kallo sun ragu ko sun ƙaru da ido suke aunawa, wanda kuwa ba a auna aikinsa ba yaushe za a tuhume shi? Remo Stars da ta ci lig a 2025 ta ɗan kasuwa ce, Kunle Soname, ita ta gina filinta a Ikenne, garin ƙarami ne taron ma ba wani mai yawa ba, amma aƙalla akwai mai jin zafi a aljihunsa in kujera ta kwana ba kowa.

Sai maganar rigima, wadda mu Kanawa ba ma son a tayar. A 2022 an farfasa motar Katsina United a Kano, aka kwashe maki aka kori Pillars zuwa Abuja, a kakar kuma ta faɗa rukuni na biyu. A Oktoban 2025 aka sake, bayan Shooting Stars ta farke ana dab da tashi mutane suka afka cikin fili kan alƙalan wasa da baƙi, aka cire maki 3 aka ci tara aka mayar da wasannin gida Katsina. Ba zan kare wannan ta'asa ba, magidancin da ya ga haka ba zai ƙara kawo ɗansa ba, mata kuwa dama ba a maganarsu. Amma hukuncin ma na ragwanci ne. Wasu 'yan tsiraru sun yi ɓarna, sai a rufe ƙofa wa dubbai, lig ɗin da ke kukan rashin 'yan kallo ya kori taron da ya fi kowanne girma da hannunsa, saboda ba wanda ya san waye ya shigo balle a san wa za a kama.

Da ni ake shawara, kafin a ba kowane kulob lasisin shiga kaka sai ya nuna tikiti mai lamba, da kyamara a ƙofofi, kuma bayan kowane wasa a wallafa mutum nawa suka shigo da nawa aka tara, ko da adadin zai ba da kunya. A matsar da wasu wasannin zuwa Juma'a da yamma ko daren Asabar inda ake da fitilu a gani. Wanda kyamara ta kama yana jifa a hana shi shiga shi kaɗai, da sunansa da hotonsa a bakin ƙofa.